Darasi na 14: Bargon ulu zalla ko mai gauraye, wanne za mu saya?

Lokaci: awa ɗaya da rabi, bayan an gama zubi an rufe akwati.

Kayan da za a tanada: barguna uku ko huɗu na aro daga gidajen 'yan ƙungiya, ashana, almakashi, awartaki ko dogon tsinke na ƙarfe, kwanon ruwa, da tsakuwa kamar ɗari da ashirin.

Ga mai gudanarwa: wannan darasi ya fi amfani a ƙarshen damina, kafin sanyi ya shigo kuma kafin ranar rabo. In kika bari sai hunturu ya kankama, kuɗin ya riga ya fita hannu, magana ta zama labari. Ki fara da tambaya, kada ki fara da bayani. Ki ce, "Wace ce ta sayi bargo a cikin shekara uku da suka wuce? Yana ina yanzu?" Ki bari su yi ta faɗa. Za ki ji wadda nata ya zama shimfiɗar awaki, da wadda nata ya ƙone, da wadda har yau take lulluɓa da na kakarta.

Me ya kawo bargo cikin littafin adashi?

Wata za ta ce, mu da muka zo koyon tattali, ina ruwanmu da bargo? Ai ruwanmu ne. Bargo na cikin manyan sayayyar da mace ke yi da kuɗin rabo. Ga na yara, ga na tsohuwa, ga na kayan ɗakin yarinya, ga na ɗan da za a kai makarantar kwana ko ta allo. Kuɗin da aka yi wata goma ko shekara ana zubawa hannu-hannu yakan tafi a rumfa ɗaya cikin minti goma, saboda mai kaya ya ce, "Hajiya, taɓa ki ji laushi." To laushi ba shi ne ɗumi ba, kuma ba shi ne ƙarko ba.

Sannan maganar ba ta kuɗi kaɗai ba ce. A watannin Disamba da Janairu, dare a ƙasar Hausa yakan sauka ƙasa da digiri 15, a Jos da kan tsaunin Mambila kuwa abin ya fi haka. Tsoho da jariri ba sa riƙe ɗumin jiki kamar mu. Yaro mai amosanin jini, wanda ake kira sikila, sanyi na cikin abubuwan da ke tayar masa da ciwo. Kuma a lokacin ne ake shigar da garwashi ɗaki, a lokacin ne gobara ke yawa. Irin bargon da ke kan gado yana da hannu a yadda ƙaramin tartsatsi zai ƙare.

Ulu da abin da muke kira ulu

Nan ne rikicin yake, don haka mu tsaya a kai. Ulu na gaskiya gashin tumaki ne. Amma ba gashin tumakinmu ba. 'Yankasa da uda da balami gashinsu gajere ne mai kauri, ba ya kaɗuwa ya zama zare. Tumakin ulu wani iri ne daban, masu gashi cunkus mai lanƙwasa, ana yi musu aski galibi sau ɗaya a shekara. Ulu mai laushi ƙwarai yana fitowa ne daga tumakin da ake kira merino, kuma ƙasar Ostareliya ce kan gaba wajen kiwonsu. A nan Afirka ta Yamma akwai tumakin ulu a yankin Masina na ƙasar Mali, inda Fulani ke saƙa bargon da suke kira kaasa. Mu kuwa abin da kakanninmu suka saƙa da hannunsu, irin su gwado da luru, auduga ce. Kun ga ke nan duk bargon ulun da ya zo kasuwarmu daga nesa ya zo, shi ya sa kuɗinsa ke da nauyi.

Yanzu ku dubi zaren da muke saye a ƙulle, mai launi ja da shuɗi da ruwan hoda, muna saƙa wa jarirai hula da safa. Me muke ce masa? Zaren ulu. To mafi yawansa ko ƙamshin tunkiya bai taɓa ji ba. Zaren roba ne da ake kira akirilik, daga man fetur ake yin sa. Ɗan'uwansa foliyesta shi ma daga mai yake, har ma akan narka gorunan ruwan roba a mayar da su zarensa. Manyan bargunan nan masu santsi da zanen fure ko damisa, waɗanda ke zuwa cikin jaka mai zif ana jera wa amare, irin wannan zaren ne, kuma akasari daga Sin ake kawo su. Don haka in ɗan kasuwa ya ce miki "ulu ne", wataƙila ba ƙarya ya yi niyya ba, shi ma sunan da ya taras ke nan. Ke ce za ki san me kike tambaya.

Na uku shi ne gauraye: an haɗa ulu da zaren roba ko auduga a saƙa guda. Wani ulun ya kai kashi 80 cikin ɗari, wani rabi da rabi, wani kuwa kashi 20 kawai aka yayyafa don a samu bakin magana. Bargunan nan masu launin toka da ɗan kaushi, irin waɗanda akan raba lokacin ambaliya ko gudun hijira, da yawansu gauraye ne na tsofaffin kaya da aka yayyage aka sake kaɗawa. Garin Panipat na ƙasar Indiya ya yi suna a wannan sana'a. Ba su da kyan gani, amma kada ku raina su.

Yadda bargo ke ɗumama mutum

Bargo ba shi da wuta a jikinsa. Jikinki ne murhun, shi bargo tsare ɗumin yake yi kada ya gudu, kuma iskar da ta maƙale tsakanin zare ita ce ke wannan aiki. Shi ya sa bargo sabo mai tashi ya fi ɗumi, in ya kwanta ya daddaƙe sai ya zama kamar buhu. Shi ya sa kuma siraran mayafai biyu, ɗaya kan ɗaya, sukan fi mai kauri guda.

Gashin ulu a lanƙwashe yake tun daga jikin tunkiya, in an danne shi yana sake tashi, don haka yana shekaru bai kwanta ba. Yana kuma iya shan laima har kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ba tare da kin ji shi a jiƙe ba. Mai kwana a fili, raɓa na sauka, zai ga amfanin wannan kafin asuba. Zaren roba ba ya shan ruwa. Wannan alheri ne ranar wanki, don kafin la'asar ya bushe. Amma da dare gumi ba ya samun wurin zuwa, sai mutum ya farka jiki na danƙo, ya yaye bargon, sanyi ya buge shi. Auduga kuwa in ta jiƙe ta zama abokiyar sanyi, ba ta da sauran ɗumi sai ta bushe.

Laifin ulu a jiki ɗaya ne: mai kaushinsa yana ƙaiƙayi. Maganin ba wuya, a shimfiɗa zani tsakanin jiki da bargo. Zanin ma shi zai kwashe datti, ya rage miki wanki.

Maganar wuta

In za ku manta da komai a darasin nan, kada ku manta da wannan. Ulu ba ya son kama wuta. In tartsatsi ya faɗa masa, yakan babbake wurin ya yi baƙi, sannan ya mutu da kansa in an janye wutar. Akirilik kuwa yana kamawa da sauri, yana ci yana narkewa yana ɗiga. Foliyesta yakan tsuke ya narke. Narkakkiyar roba in ta sauka a fata mannewa take yi, ta ci gaba da ƙuna, kuma irin wannan ƙunar ta fi zurfi. Auduga tana ci da wuta sosai, kada wata ta ɗauka gwado ba ya ƙonewa, sai dai ita ba ta narkewa a jiki.

Ni da kaina na yi wannan wauta. Shekarar da na haifi ɗana na biyu, ina jego cikin hunturu, aka ajiye mini kaskon garwashi a gefen gado. Gefen bargon aurena ya zamo ya taɓa bakin kaskon. Ban ga harshen wuta ba, wari ne ya tashe ni. Na kai hannu na fizge, robar ta manne mini a yatsu biyu. Tabon na nan. Allah ya tsare, jaririn yana ɗaya gefen. Da bargon surukata ne, tsohon mai kaushin nan da nake yi wa dariya, da ƙila rami kawai zai yi.

Saboda haka ki tambayi 'yan ƙungiya, kowacce ta amsa wa kanta: a ɗakin da za a yi amfani da bargon nan, ana shigar da garwashi? Ana kwana da fitilar ƙwai ko aci-balbal ko kyandir? Ana kunna maganin sauro kusa da shimfiɗa? Akwai tsohon da ke jin ɗumi a bakin wuta yana gyangyaɗi? In amsar e ce, bargon roba zalla bai dace da wannan ɗaki ba, ko da kyauta aka ba ki. Gauraye yana tsakiya: gwargwadon yawan ulunsa, gwargwadon jinkirinsa wajen kamawa, amma robar da ke ciki tana nan tana narkewa.

Tunda mun taɓo garwashi, bari in ƙara wannan ko da ba maganar bargo ba ce. Gawayi mai ci a ɗaki rufaffe yana fitar da wata iska marar wari marar launi, tana kashe mutane cikin barci. A ɗumama ɗaki, a fitar da kasko waje kafin a kwanta.

Gwaji: kowa ta gani da idonta

A fita tsakar gida, nesa da danni da zana, a kori yara gefe. Da izinin masu barguna, a yanko 'yan zare daga gefen kowanne, kamar tsawon ɗan yatsa. A riƙe da awartaki a kan kwanon ruwa, a kusanta ashana. Kada a riƙe da hannu, kada a kai hanci cikin hayaƙin.

In ulu ne, za ku ji warin babbakar kan rago, wutar za ta yi ta noƙewa, abin da ya rage kuma baƙi ne mai rugujewa in an murza shi bayan ya huce. In auduga ce, warin takarda ko kara za ku ji, ta ci da sauri ta bar toka mai laushi. In roba ce, za ta tsuke ta narke da baƙin hayaƙi da warin leda, ta bar ƙulli mai tauri da ba ya murzuwa. Gauraye zai ba ku alamu biyu, warin gashi da ɗan ƙulli mai tauri. Ba zai faɗa muku kashi nawa ba ne, amma zai faɗa muku ko akwai ulu ko babu. A jaraba zaren tsaye da na kwance daban-daban, don wani bargon zaren tsayensa auduga ce ko roba, na kwancen ne ulu.

Daga nan a sa zaren saƙar hular jarirai a wuta shi ma. A nan ne akan yi shiru.

A kasuwa ba kowane mai rumfa zai yarda ki kunna ashana ba, kuma yana da gaskiya. Ki roƙi zare biyu daga gefe ki fita waje da su. Wanda ya tabbata da kayansa ba ya hanawa. Sai kuma 'yar takardar da ke ɗinke a kusurwa. Ko ba ki yi boko ba, ki tafi da yarinyar da ta iya karatu. Kalmar ulu da Turanci ita ce wool, da Faransanci laine, kuma lambar da ke gabanta ita ce kashi nawa cikin ɗari. In an rubuta acrylic ko polyester, roba ce. Takarda takan yi ƙarya, musamman a kaya masu araha, don haka ita shaida ɗaya ce, wuta shaida ta biyu. Ki kuma ɗaga bargon ki kalli rana ta cikinsa: in haske na ratsawa ko'ina, iskar hunturu ma za ta ratsa. Ki murza gefe da yatsu, in gashi na biyo hannunki tun a rumfa, a wanki na uku zai zama rariya.

Wanki da ajiya

Nan ne ulu ke nuna halinsa na ɗan sarauta. Ba ya son ruwan zafi, ba ya son cuɗa, ba ya son bugu a kan dutse ko turmi. In aka yi masa haka sai gashin ya harɗe, bargon ya tsuke ya yi tauri, kuma ba ya komawa har abada. Bargon mutum biyu sai ya koma na yaro. Sabulun soda mai ƙarfi yana cin sa, ruwan bilic kuwa narkar da shi yake yi ɗungum. Wankinsa shi ne ruwan sanyi, sabulu mai sauƙi kaɗan, a jiƙa a danna a hankali, a ɗauraye, kada a murɗe, a shimfiɗa a inuwa. Yana shan ruwa da yawa, yana nauyi, yana daɗewa bai bushe ba. Wadda ke sayen ruwa a jarka ko take ja daga rijiya mai gaba ashirin, ta sa wannan a lissafi. Sa'ar ita ce ulu ba ya saurin ɗaukar wari. Kakkaɓewa da shan iska sun ishe shi yawancin lokaci, wanki sau ɗaya a ƙarshen sanyi.

Yanzu ku kawo ɗakin yara, inda ake fitsarin kwance. Bargon da za a wanke sau biyu a mako ba ulu zalla ba ne. A nan roba ko gauraye mai ƙarancin ulu shi ne daidai, muddin babu wuta a ɗakin. Ba zan ɓoye muku ba, wannan ne ya sa a gidaje da yawa mai arahar ne zaɓin hankali.

Abokin gaban ulu na biyu shi ne asu. Tsutsarsa gashi take ci, ba ta cin roba, kuma ta fi son bargon da aka ajiye da datti da maiƙon jiki a wuri mai duhu. Muna amfani da bargo wata uku, muna ajiye shi wata tara, to a wata taran nan ne ake asara. A wanke, a tabbata ya bushe ƙarau, a naɗe a sa a jaka mai rufuwa ko akwatin ƙarfe, a ɗaga daga ƙasa saboda gara da laima. Mata da yawa na sa busasshen ganyen darbejiya a tsakani, ba laifi, amma kada a dogara da shi kaɗai. A fito da bargon a kakkaɓe a shanya sau biyu ko uku kafin sanyi ya dawo.

Kafur kuwa, ƙwallayen farin nan da muke jefawa cikin akwati, yana korar asu amma yana da haɗari ga jarirai. A wasu jariran yana farfasa jini ya kawo shawara, ido da jiki su yi ɗorawa, kuma ba za ki san wane jariri ba ne sai abin ya faru. Kada a ajiye kayan jariri ko bargon mai jego tare da kafur. In jariri ya yi ɗorawa, asibiti a ranar. Haka nan kada a danne jariri da bargo mai nauyi, ko wane iri ne, kuma kada a rufe masa fuska.

Masu kwana a waje

Kowane gida na da mai kwanan waje. Maigida na gadin lambu a fadama lokacin noman rani, yaro na bin shanu, ɗan da ke makarantar allo, ke kanki in jinya ta kai ki barandar asibiti ko fatauci ya kwanar da ke a tasha. Waɗannan su ne suka fi cin moriyar ulu, don su ne ke fama da raɓa, su ne kuma ke hura wuta su kwanta kusa da ita. Amma su ne kuma bargonsu ya fi ɓata, ko a sace, ko ƙaya ta yage shi. A ganina, gauraye mai ulu rabi ko fiye shi ya fi dacewa da su. Robar da ke ciki na ƙara masa ƙarfi, ya fi jure wanki, bai kai zalla nauyin kuɗi ba, in ya ɓata ba a yi kuka mai yawa ba. Ku gaya musu kuma ƙasa ta fi iska satar ɗumi. Tabarma da kwali ko buhu biyu a ƙarƙashi sun fi ƙarin bargo a sama.

Gwanjo

Sau da yawa ulu na gaske a tulin gwanjo ake samunsa, da kuɗin da bai kai na sabon bargon roba ba, don mai sayarwa na ganin kaushinsa ya ɗauka ba shi da daraja. Wadda ta iya gwajin zare ta samu sa'a. Ki duba ƙananan ramuka, alamar asu ce. Ki duba bakin ɗinki saboda kuɗin cizo da ƙwarƙwata. Kada ya hau gado ranar da aka saya. A wanke, a shanya, a ƙulle a baƙar leda a bar shi a rana mai zafi kwana uku ana juyawa, a sake dubawa.

Lissafi da tsakuwa

Lambobin nan na misali ne, ba farashin kasuwa ba. Bayan an gama, ku sa na kasuwarku. Kowace tsakuwa hannu ɗaya ce ta zubi.

A yi tuli uku. Bargon roba tsakuwa 18, a ce zai yi shekara 3. Gauraye tsakuwa 30, shekara 6. Ulu zalla tsakuwa 60, shekara 15. A kira mata uku, kowacce ta raba tulinta gida-gida bisa yawan shekaru. Ta farko za ta samu 6 a kowace shekara, ta biyu 5, ta uku 4. Wata za ta ce, ai shi ke nan, sayen nagari mai da kuɗi gida. Ki bar ta ta faɗa, sannan ki ce, "To a shekara ta huɗu an manta ba a shanya ba, asu ya cinye." A sake raba 60 gida huɗu. Ya zama 15 a shekara, mafi tsada a cikinsu. Nagari yana mai da kuɗi gida ne a hannun wadda za ta iya kula da shi.

Tambaya ta biyu: tsakanin 60 da 18 akwai tsakuwa 42. Da wadda ta sayi mai arahar ta sa 42 ɗin nan a ƙuli-ƙuli ko awara ko 'yar akuya, me za su zama a shekara? Ba amsa ɗaya ba ce. Mai jari ƙarami wadda kuɗinta ke juyawa kowane mako, ƙila gara ta sayi na tsakiya ta bar sauran a sana'a. A bari su yi gardama, gardamar ita ce darasin.

Tambaya ta uku ta rance ce. A ce mace ta ranci tsakuwa 30 daga akwati don gauraye, na wata uku, kuma dokar ƙungiyarsu ita ce ƙarin ɗaya bisa goma kowane wata. Ƙarin zai zama 3 sau uku, wato 9, bargon ya tashi a 39. A raba gida shida, ya zama 6 da rabi a shekara, ya wuce na roba tsada. Ko a ƙungiyar da ba ta karɓar ƙari, bargo ba ya haihuwa, daga ribar sana'a ko kuɗin cefane za a biya. Shawarar littafin nan ita ce a sayi bargo da kuɗin rabo ko da ajiyar da aka ware masa, ba da rance ba. Inda aka yi gobara ko ambaliya iyali suka rasa abin rufa, wannan aikin asusun taimako ne, kuma ya kamata dokar ƙungiya ta faɗi haka a fili tun kafin ranar ta zo.

Lokacin saye shi ma kuɗi ne. Bargo ya fi tsada ranar da kowa ke rawar ɗari. Da bazara, mai rumfa na neman wurin ajiye wasu kaya, ya fi sauƙin sallamawa. In rabonku na faɗowa cikin sanyi, wadda za ta iya lallaɓawa da tsohon bargonta bana ta riƙe kuɗin zuwa watan Maris ko Afrilu. In mata goma suka haɗa kuɗi aka aiki biyu babbar kasuwa, irin Kantin Kwari a Kano ko babbar kasuwar Maraɗi, za a samu farashin sari, sai a cire kuɗin mota a ga ko ya biya. A rubuta sunan kowacce da abin da ta bayar da irin da take so a gaban kowa, kuma kuɗin nan kada ya shiga akwatin ƙungiya, harka ce daban. Sayen dila guda ta gwanjo a rufe kuwa, ban ba ku shawara ba sai da wadda ta san harkar, don ba a buɗewa kafin a biya, abin da ya fito naku ne.

Sai bargon kayan ɗaki. Na san ba za a jera wa amarya mai launin toka ba, dangin miji za su yi magana, kuma ba ni da bakin hanawa. Amma in kuɗin na biyu ne masu fure, a sayi mai fure ɗaya na kan gado, ɗayan a saya mata mai ulu a sa a ƙasan akwati. Shekara mai zuwa war haka wataƙila tana jego.

Aikin gida

Kowace 'yar ƙungiya ta ƙirga masu kwana a gidanta da bargunan da ke akwai, ta lura da ɗakunan da ake shigar da wuta da wanda ke kwana a waje. Mata biyu su je kasuwa ranar ci su tambayo farashin iri uku a rumfa uku, ba tare da sun saya ba, su roƙo zare in an ba su. A taro mai zuwa, bayan zubi, a sake lissafin tsakuwa da farashin da suka kawo. Sakatariya ta zo da ashana.